SABO TURKEN WAWA, JARIN MAI HANKALI

A daren wata Asabar cikin watan Shawwal, 'yan'uwa suka shirya zaman tunatarwa a harabar makarantar darensu, inda suka gayyato ɗaya daga cikin malaman da suka gabatar da tafsiri a Ramadan ɗin da ya gabata, domin ya yi masu nasiha a kan abin da ya kamata su riƙe bayan azumi. Ga yadda jawabin ya gudana:

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara da tambayar jama'a ko akwai wanda ya ƙirga sahun sallar Asuba a masallacin unguwarsu da safiyar ranar. Da aka yi shiru, sai ya ce shi ya ƙirga. Ya ce a goman ƙarshe na Ramadan masallaci ya cika har sai da aka shimfiɗa tabarmi a kan titi, amma yau sahu ɗaya ne, shi ma bai kai bango ba, kuma mafi yawansu dattawan nan ne da dama can su ne ke riƙe da masallacin.

Malam ya ce mutanen nan ba mutuwa suka yi ba, ba tafiya suka yi ba, ba kuma ridda suka yi ba. Suna nan a gidajensu, da za ka tambaye su za su rantse maka suna son Allah da Manzonsa, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ya faru kawai shi ne sun koma turkensu. Wata goma sha ɗaya jiki ya saba da barci har rana ta fito, aka kwance shi na wata guda, da aka ga jinjirin wata sai ya juya da kansa ya nufi inda ya saba kwana, kamar dai akuyar da aka sake ta da yamma. Ya ce shi ya sa Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma a kan wannan turken ne yake son ya yi magana a daren.

MENE NE HALI?

Malam ya ce idan ana son a san mutum, ba a duba abin da ya yi ranar Idi, ko ranar da aka yi gangami kowa na kallonsa. Abin da yake yi kullum ba tare da an tuna masa ba ake dubawa. Ya kawo bayanin Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111 Miladiyya), a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa hali wani yanayi ne da ya zauna daram a cikin rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da an tsaya dogon tunani ba. Saboda haka wanda ya yi kyauta sau ɗaya, bayan ya sha kokawa da zuciyarsa, ya samu lada insha Allah, amma ba a kira shi mai kyauta tukuna ba. Mai kyauta shi ne wanda hannunsa ke shiga aljihu tun kafin mabuƙaci ya gama bayani.

Ya ce mutane kan fake da karin maganar nan ta hali zanen dutse, su ce haka Allah Ya yi su, ba za su iya sakewa ba. To amma da hali ba ya sakuwa, da aiko Annabawa da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Ana horar da doki mai tutsu ya zama na hawan Sallah, ana horar da kare ya kamo zomo ya kawo bai ci ba, ina ga ɗan Adam mai hankali? Kuma ko shi zanen da ke jikin dutsen, in ji Malam, ai wani abu ne ya zana shi. Ya ce kowa ya je ya dubi bakin tsohuwar rijiya, zai ga inda igiyar guga ta ci dutse ko itace ta yi masa kwari. Igiya ba ta kai dutse ƙarfi ba, yau da gobe ne suka taya ta.

Malam ya ja hankalin 'yan'uwa ga wata kalma. Ya ce a rubutun boko, abin da ya raba "sabo" da "saɓo" ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafi ɗaya, kuma bala'in da ya fi kowane shi ne ranar da biyun suka haɗu, mutum ya yi sabo da saɓo. Ranar farko da yaro ya yi ƙarya zuciyarsa bugawa take yi. Ranar farko da ma'aikaci ya karɓi cin hanci waiwaye yake yi. Bayan shekara guda, shi ne zai tsaya yana ciniki a kan adadin. Ya tunatar da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ke bayanin yadda kowane zunubi ke ɗiga baƙin ɗigo a zuciya, in bawa ya tuba a goge, in ya ƙara a ƙara, har ya rufe ta baki ɗaya, wal iyazu billah, kuma wannan ita ce tsatsar da aka ambata a Suratul Muɗaffifin. Ya ce a lura, surar da ta yi maganar tsatsar zuciya ita ce ta fara da maganar masu tauye mudu, laifin da ba a yin sa sau ɗaya, kullum ake yin sa, ƙwaya-ƙwaya.

YADDA AKA RABA MADINA DA GIYA

Da ya juya kan tarihi, Malam ya ce Larabawan jahiliyya sun yi sabo da giya irin sabon da har waƙoƙi suke yi mata, amma Allah (T) da Ya tashi raba su da ita bai saukar da hani a rana guda ba. Da farko an ɗauki shekara goma sha uku a Makka ana gina imani da tsoron ranar hisabi. Bayan Hijira aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta sauka tana nuna cewa zunubin giya da caca ya fi amfaninsu girma, wasu suka bari. Sai aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Malam ya ce a tsaya a yi nazarin hikimar wannan: mutumin da ke salla sau biyar a rana, Azahar na kusa da La'asar, La'asar na kusa da Magariba, Magariba na kusa da Isha'i, yaushe zai sha har ya wartsake? Ke nan kyakkyawan sabo ne aka sa ya matse mummunan sabo, har wurin zamansa ya ƙuntata. Da ayoyin Suratul Ma'ida suka sauka da haramcin ƙarshe, Anas ɗan Malik (RA), wanda a lokacin yake shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, ya ba da labarin yadda aka tuttular da ita har ta riƙa gudu a lungunan Madina. Kuma Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba.

Malam ya ce a kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka. A watan Janairun 1920 dokar hana yin giya da sayar da ita ta fara aiki a faɗin ƙasar, da ƙarfin tsarin mulki da 'yan sanda da kotuna. Shan ya ragu, amma gidajen giya na ɓoye suka yawaita, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na birnin Shikago suka kuɗance, har a watan Disambar 1933 gwamnati ta janye dokar da hannunta. Ya ce doka takan kama hannu, amma ba ta kwance turken da ke cikin zuciya.

Ya ce ba ma sai an je Amurka ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, saboda yadda matasa, har da matan aure, suka mai da shi abin maye. Binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda. Malam ya ce cikinsu babu wanda ya tashi da safe ya ce yau zan zama mashayi. Kurɓa ɗaya ce a majalisa, don kada abokai su ce masa ɗan ƙauye, gobe aka ƙara, jibi ya saya da kuɗinsa.

SHEKARA TALATIN KAFIN GUDU

Malam ya ci gaba da cewa matasa da yawa idan aka ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke faɗo masu a rai shi ne tuta da dawaki da Tafkin Kwatto. Ya ce amma a yi lissafi. An haifi Shehu a 1754, ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan shekara ashirin, bai yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu ba sai a watan Fabrairun 1804. Shekara talatin ke nan. Me yake yi a cikinsu? Karantarwa yake yi, yana yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara, yana koya wa talakawa tsarki da alwala da salla, yana yaƙar al'adun da suka saba da su na aure da ciniki da gado, yana tsawata wa malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Wato dai ayyukan yau da kullum na jama'a ya zauna yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya.

Ya kawo labarin taron Magami, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi masu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓar nasa rabon, a maimakonsa ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Malam ya ce wanda ya saba miƙa hannu a ƙofar masu mulki ba zai iya naɗe hannun nan a rana irin wannan ba, ko da ya so. Ƙin karɓar da Shehu ya yi a gaban sarki, a ɗakinsa ya koye shi, shekara da shekaru yana wadatuwa da kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya ce akwai kuma darasi mai ɗaci a cikin tarihin. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda wasu da suka shigo cikin jama'a suka karkata ga tara dukiya da neman muƙami, abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta masu Liya'ul Hukkam kafin ya koma. Malam ya ce ke nan ana iya cin garin abokan gaba alhali ba a ci garin zuciya ba, kuma duk wanda ya shigo gwagwarmaya da tsohon halinsa bai gyara ba, ranar da aka samu nasara halin nan ne zai hau kujera.

Ya ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci wannan, shi ya sa ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji tana ɗora masu malfa, suna tattaro mata daga ƙauyuka suna karɓar karatu suna mayarwa ga 'yan'uwansu. Karatun kuwa na abin da mace ke yi kullum ne: sallarta, tarbiyyar 'ya'yanta, kula da mara lafiya, zama da maƙwabta, da barin bori.

KAƊAN MAI ƊOREWA

Daga nan Malam ya yi gargaɗi game da cutar da ya ce ta fi kama masu ɗoki. Ɗan'uwa zai ji wa'azi ya motsu, a daren ya ɗauki alƙawarin izu biyar kullum, da tsayuwar dare, da azumin Litinin da Alhamis, da haddar hadisi. Sati guda sai ka neme shi ka rasa. Ya ce Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) abin da ke nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kuma Abdullahi ɗan Amru ɗan As (RA), lokacin ƙuruciyarsa, ya so ya riƙa azumi kullum yana raya dare duka, Manzon Allah (SAW) ya yi ta rage masa, shi kuma yana cewa zai iya fiye da haka, har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda (AS). Da ya tsufa ƙarfi ya tafi, sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa.

Malam ya ce kakanninmu sun san wannan sirri, shi ya sa suka gina makarantar allo a kansa. Yaro zai rubuta 'yan ayoyi, ya biya, ya maimaita har su zauna, ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Babu ranar da za ka ce yau ce ya zama alaramma, amma wata rana sai ka gan shi zaune yana rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga Baƙara har Nasi. Da yayyafi kogi kan cika. Haka nan Imam Nawawi, wanda aka haifa a 631 ya rasu a 676 bayan Hijira, shekara 45 kacal ya yi a duniya, amma a zamanin ɗalibcinsa a Dimashƙa darasi goma sha biyu yake ɗauka kowace rana, ga shi yau babu garin da za ka shiga a ƙasar Hausa ka rasa Arba'una Hadisi da Riyadus Salihina.

Ya ce ko masu binciken halayyar ɗan Adam na wannan zamani, duk da cewa ba da su muke kafa hujja a addini ba, abin da suka gano bai saɓa wa wannan ba. A 2009 wasu masana a wata jami'a da ke Landan sun bi mutum 96 na tsawon sati goma sha biyu, kowa ya zaɓi wani ƙaramin aiki yana yin sa kullum a lokaci ɗaya. Suka ga cewa a matsakaici sai an yi kwana 66 kafin aikin ya zama jiki, wani ya kama a kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Suka kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Malam ya ce to Ramadan kwana 29 ne ko 30, ke nan an kafa maka tubali ne aka miƙa maka ragowar aikin, shi ya sa Shari'a ta biyo da Sitta Shawwal, da Litinin da Alhamis, da kwana uku na kowane wata, don kada igiyar ta yanke.

A YI LISSAFI

Malam ya nemi kowa ya yi wa kansa lissafin da ɗan kasuwa ke yi wa shagonsa. Ya ce wanda ke ƙone awa uku kullum, a majalisar bakin titi, ko gidan kallon ƙwallo, ko yana murza waya yana leƙa abin da bai shafe shi ba, a shekara ya ƙone awa 1,095, wato kwana 45 da ɗoriya, dare da rana. A kowace shekara takwas ya zubar da shekara guda cur daga rayuwarsa. Shi ne kuma zai ce maka ba shi da lokacin zuwa ta'alimi.

A ɗaya gefen, Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Wanda ya lazimci shafi biyu bayan kowace sallar farilla, ya karanta shafi goma a rana, kimanin izu guda ke nan, cikin wata biyu ya sauke, a shekara sau shida. Wanda ba zai iya ba, ya riƙe shafi biyu kawai a rana, cikin wata goma ya sauke. Hadisan Arba'una 42 ne, wanda ya haddace ɗaya a sati, kafin watan azumi ya zagayo ya gama. Wanda ke jefa naira 200 kullum a asusu maimakon cacar ƙwallo ta waya, a shekara ya tara naira 73,000. Ya ce dukansu awa ashirin da huɗu aka ba su, bambancin yana wurin da kowa ya kafa turkensa.

INDA ZA A FARA

Malam ya ce ba zai bar 'yan'uwa su watse da jin daɗin wa'azi kawai ba, sai kowa ya tafi da abin yi. Na farko, ya ce sallar Asuba tun daga Isha'i ake kama ta. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana hira ko yana riƙe da waya, ya riga ya yanke hukunci a kan Asubarsa tun kafin ladan ya farka. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Saboda haka mai son Asuba ya gyara lokacin kwanciyarsa, ya ajiye wayar nesa da shimfiɗa.

Na biyu, ya ɗaure sabon aiki a jikin tsohon da ya riga ya kafu. Ya ba da misali da Bilal (RA), wanda Manzon Allah (SAW) ya ji motsin takalmansa a Aljanna, da ya tambaye shi aikin da ya fi sa rai da shi, sai ya ce bai taɓa yin alwala ba, dare ko rana, face ya yi sallar da ta sawwaƙa da wannan alwalar. Malam ya ce Bilal bai bar nafilarsa tana yawo tana jiran ranar da zai ji nishaɗi ba, a jikin alwala ya ɗaure ta. Allah Ya riga Ya kafa wa Musulmi turaku biyar a yini, abin da ya rage kawai ka ɗaura alherinka a jikinsu: karatu bayan Asuba, gaida iyaye bayan Magariba, bitar karatun yara bayan Isha'i.

Na uku, ya sake wurin zama da abokan zama, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya tunatar da ƙissar mutumin nan da ya kashe rai ɗari, wanda da ya nemi tuba, malamin da ya ba shi fatawa ya haɗa masa da umarnin ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki. Ya ce wanda ke son barin sigari alhali kullum yana zaune a bencin da aka koya masa ita, yaudarar kansa yake yi.

Na huɗu, cika alƙawari da kiyaye lokaci. A nan Malam ya ɗaga murya, ya ce abin kunya ne a kira taro ƙarfe huɗu, 'yan'uwa su fara isowa biyar da rabi, su ne kuma ke maganar sauya tsarin al'umma. Wanda aka ba shi ajiyar naira dubu ta gagare shi, wanda ya ci bashin mai shago yana sauya hanya, wanda ya ce wa mai kaya ɗinkinsa gobe alhali ya san bai ko yanka ba, ta yaya za a damƙa masa baitulmali? Ya ce jama'a ba littattafanmu suke karantawa ba, mu'amalarmu suke karantawa.

Na biyar, gida. Ya ce ɗan'uwa ya tambayi kansa da wace fuska yake shiga gidansa kullum, domin yara ba sa ɗaukar abin da aka faɗa masu kamar yadda suke ɗaukar abin da suke gani ana yi. Uban da ke aika yaro ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, ya riga ya buɗe masa makarantar ƙarya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan ya yi wasiyya da cewa kowa ya ware minti biyar kafin barci ya yi wa kansa hisabi: me na yi yau da na yi jiya, kuma ina so in tarar da shi a littafina?

TAMBAYOYI

Bayan jawabin an ba da damar tambayoyi. Wani matashi ya ce shi ya bar wani mummunan hali tun farkon azumi, amma kwana uku bayan Sallah ya sake faɗawa, yanzu har kunyar ɗaga hannu ya roƙi gafara yake ji. Malam ya ce masa, "Ɗana, faɗuwar ba ita Shaiɗan ya fi so ba, zaman da za ka yi a ƙasa yake nema. Wanda ya yi kwana talatin yana tafiya ya yi tuntuɓe, ba a mayar da shi garin da ya baro, inda ya faɗi nan zai tashi. Ka yi alwala a daren nan, ka tuba, sannan ka duba wane lokaci ne, wane wuri ne, kuma da wa kake tare sa'ad da abin ya same ka, ka toshe wannan ƙofar. In ka sake faɗuwa ka sake tashi. Ka mai da tuba ita ma ta zama sabonka."

Daga ɓangaren 'yan'uwa mata aka aiko da takarda, wata uwa tana cewa tsakanin girki da wanki da raino da 'yar sana'arta ba ta da lokacin da za ta zauna ta yi wani wuridi. Malam ya ce Nana Faɗima (RA) ta riga ta kai irin wannan kuka, lokacin da niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta je neman mai taya ta aiki. Mahaifinta (SAW) ya zo ya same su ita da Sayyidina Ali (RA) sun kwanta, ya koya masu tasbihi 33, tahmidi 33, da kabbara 34 a lokacin kwanciya, ya nuna masu cewa wannan ya fi masu hadimi. Ya ce abin ba ya cin minti uku. Amma Sayyidina Ali ya ce bai taɓa barin sa ba tun daga ranar, da aka tambaye shi ko da daren Siffin, ya ce ko da daren Siffin. "Malama," in ji shi, "ki fara da wannan a daren yau. Aikin gidan da kike yi kuma ki gyara masa niyya, shi ma ibada ne da kike yi kullum ba fashi."

A ƙarshe Malam ya ce ba ya neman kowa ya ɗauki abubuwa goma. Kowa ya zaɓi hali ɗaya da zai kama da ɗaya da zai saki, ya faɗa wa ɗan'uwa guda da zai riƙa tambayarsa, su riƙe har zuwa Babbar Sallah, kimanin wata biyu ke nan. Ya ce shi kuma gobe da asuba zai sake ƙirga sahu.

An rufe zaman da addu'ar Allah (T) Ya karɓi ibadun da aka gabatar, Ya tabbatar da dugadugan 'yan'uwa a kan gaskiya, Ya sa mu cika da imani.